Tsohon Kushin Babur ɗin Abbas

Yammacin ranar babu abin da ya raba shi da sauran yammaci a unguwar Hausari. Rana ta yi ja ta sauka bayan katangar maƙwabta, awaki na shigowa gida da kansu, Raudatu na tuƙa tuwo a madafa tana yi wa hayaƙi tsaki. A tsakar gida kuwa, ƙarƙashin dogonyaro, mijinta Sharfaddeen ne durƙushe a gaban wani ƙaton babur, hannuwansa baƙi ƙirin da giris, sifanu da notuna a baje kan buhu.

Babur ɗin ba irin na 'yan acaɓa ba ne. Dogo ne, mai babban tanki da tayoyi masu kaushi, irin wanda ake ratsa rairayi da duwatsu da shi. Kuma asali ba nasa ba ne. Na yayansa Abbas ne, wanda ya sayo shi daga Kwatano ana gab da hana hawa babur a garin. Bai ko more shi ba. A shekarun tashin hankali Abbas ya fita wata safiya bai dawo ba, har yau ba gawa ba labari. Mahaifiyarsu Hajja Gumsu ta sa aka tura babur ɗin cikin ɗakin da ke kusa da zaure, aka lulluɓe shi da tampol, ta datse ƙofar da kwaɗo, ta ƙulle makullin a bakin zanenta. Shekara wajen goma ke nan.

Da aka ɗage dokar, sai Sharfaddeen ya matsa wa tsohuwar lamba. Yana so ya gyara babur ɗin, ya ƙara masa kaya, ya hau shi har tsaunin Mambila, wataƙila ma wata rana Agadas. Hajja ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Abbas ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa a gaban mutane ba tun haihuwarsa, balle ta zauna tana ja-in-ja a kan kayansa. Duk mai hankali ya san me irin wannan shirun yake nufi. Amma Sharfaddeen kunnen ƙashi gare shi, in ya ƙwallafa ransa a kan abu to an gama. Wata rana ya ɗauko guduma ya doke kwaɗon, ya banka ƙofar da ƙafa, ba sallama ba bisimilla, ya jawo babur ɗin waje.

A gaskiya ya yi aiki, kada a ci haƙƙinsa. Da ya taso daga shagonsa na kayan tirela ba ya tsayawa hira ko'ina. Ya wanke tsatsar tanki, ya kwance kafireta ya tsaftace ta, ya sauya batir da sarƙa da fulogi. Ya sa mai walda ya lanƙwasa masa ƙarafan da za su kare inji in babur ya faɗi. Ya ɗaura akwatunan ƙarfe biyu a gefe, ya ƙara manyan fitilu a gaba, ya kankare jan fentin Abbas ya fesa ruwan ƙasa. Hajja na zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi tana kallo, kullum ana rage mata wani abu da ta sani.

Abin da ya rage kushin zama ne. Fatarsa ta tsage, sosonsa ya lotsa a tsakiya daidai yadda Abbas yake zama. Sharfaddeen na son mai tauri, mai tsayi, wanda ba zai gajiyar da ƙugu a doguwar tafiya ba. A wannan yammacin ya sa wuƙa ya farke fatar, ya cusa hannu ya fizgo soson. Sai ya ji shi da ɗumi, kamar yanzu wani ya tashi daga kai. Ya ɗan tsaya, ya ce a ransa ai rana ce ta buge shi, alhali tun azahar babur ɗin na inuwa. Ya jefa soson kan shara, ya yayyafa masa fetur.

Raudatu ta leƙo ta ce ya bari mana sai da safe, ba a kunna wuta a juji da almuru. Ya ce mata in tuwo take tuƙawa ta tuƙa tuwonta, camfi bai taɓa tayar da inji ba. Ladan na ɗaga murya, Sharfaddeen ya ƙyasta ashana.

Soson ya kama da baƙin hayaƙi mai kauri, wanda ya ƙi tashi sama, ya kwanta a tsakar gida. Cikin ƙarar wutar kuma akwai wata siririyar ƙara, irin ta 'ya'yan kyanwa da aka taka. Ba ta daɗe ba ta yanke. Awaki suka daina motsi. Carbin Hajja ya tsaya a hannunta.

Ba a idar da sallar magariba ba abu na farko ya faɗo kan kwanon rufi, ƙwal. Sai na biyu, sai suka zubo kamar ƙanƙara. Da Sharfaddeen ya fito da tocila ya duba, ba duwatsu ba ne. Notunansa ne, waɗanda ya bari a kan buhu. Ya ɗauki ɗaya ya yar da sauri, don zafinsa ya ƙona masa yatsa.

Daga ranar gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da rana ta faɗi sai jifa ta fara. Duk abin da ya ɗaure da yamma, da safe zai tarar an kwance an jera masa a ƙofar ɗaki. Ya cire wayar batir da hannunsa, amma manyan fitilun nan su kama da kansu su haske ƙofar Hajja. Daga ɗakin da ya ɓalle kuma ana jin muryar mace ƙasa-ƙasa tana rarrashin jariri, ta yi ta yi, sai ta ɓarke da wani gunji da ke sa tsigar jiki tashi.

Kuna tsammani ya saduda? Ina! Cewa ya yi yaran maƙwabcinsa Tanko ne, hassada ce ke cin ubansu. Ya je ya yi wa mutumin nan tas a ƙofar gidansa, har sai da dattawan masallaci suka shiga tsakani, zumuncin shekara da shekaru ya lalace a banza. Raudatu ta kwashe 'ya'yansu ta kai gidan iyayenta a unguwar Yerimaram, ta dawo ta ce masa wallahi ba don tsohuwar nan ba da ita ma ba za ta sake kwana a gidan ba. Ya ce ƙofa a buɗe take. Suka daina yi wa juna magana sai ta dole, ta ajiye masa kwano ta juya, ya ci ya ture.

Hajja kuwa ta daina cin abinci. Ta rame, idanunta suka faɗa, ta koma yini tana kallon babur ɗin ba ta ƙiftawa. Ran nan da almuru, matar da ciwon gwiwa ya hana ta tashi sai an kama ta, ta miƙe tsaye cak. Ta tako har gaban ɗanta, ta dube shi da idon da bai taɓa gani a fuskarta ba.

"Wa ya taɓa wurin zaman Abbas?"

Muryar ba tata ba ce, ta mace ce mai ƙuruciya da kuka ya shaƙe. Amma ba muryar ce ta sa sifana ta suɓuce daga hannun Sharfaddeen ba. Sunan ne. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin wannan sunan ya fito daga wannan bakin ba. Nan take ya san ba uwarsa ce ke tsaye a gabansa ba, tsoro ya kama shi har cikin ƙashi.

Ta zube ƙasa tana fizge-fizge, shi da Raudatu suka kasa danne ta. Haka aka ci gaba kowace faɗuwar rana, kuma duk tashin da abin ya yi sai ya bar ta ta fi jiya rauni. Suka kai ta asibiti. Likita ya auna ya ce zuciyarta ta gaji ƙwarai, in irin wannan jijjiga ta ci gaba ba ya jin za ta kai ƙarshen wata. A nan ne girman kan Sharfaddeen ya karye, ya bar Raudatu ta aika a kira Goni Lawan.

Goni Lawan tsoho ne siriri, Babarbare, Hausarsa da nauyin harshensu. Ba ya duka, ba ya turnuƙe mara lafiya da hayaƙi, Alƙur'ani ne kawai a kansa. Bayan la'asar ya sauka daga Keke Napep. Bai fara da Hajja ba. Ya zagaya babur ɗin, ya leƙa ɗakin da ke kusa da zaure, ya tsaya a kan tokar juji ya daɗe. Sannan ya tambayi Sharfaddeen ko da ya buɗe ɗakin ya yi sallama, ya ba na ciki wa'adi su tashi. Sharfaddeen ya ce ai ɗakin babu kowa. Goni ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ɗakin da ya shekara goma a rufe bai taɓa zama babu kowa ba, ko yaron goye ya san wannan a garin nan.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da Hajja, Raudatu ta tallafi kanta. Goni ya zauna ya fara karatu a hankali, murya ƙasa. Inuwar katanga tana tsawo, tana cin tsakar gida. Ko tsuntsu babu a kan dogonyaro. Karatu ya yi nisa sai yatsun ƙafar Hajja suka fara rawa, rawar ta hau har ƙirji, sai ta tashi zaune ta ture hannun Raudatu.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni a kan gaskiyata."

Goni ya tambaye ta ko ita wace ce, kuma me ya kawo ta jikin baiwar Allah. Ta ce sunanta ba abin ba shi ba ne. Ta ce tun shekarar da aka rufe ɗakin take zaune cikin soson kushin nan, ba ta taɓa tsorata kowa ba, ko cokali ba ta ɗauka a gidan ba. Ta ce tsohuwar nan takan buɗe ɗakin in gida ya yi shiru, ta ɗora tafinta a inda soson ya lotsa, ta kira sunan ɗanta a hankali ta yi kukanta ta fita, ita kuma ta yi lamo ta ba ta wuri. Zaman lafiya suke yi. A cikin soson nan ta haihu. Ranar da wannan ya cusa hannu, ita ta fita neman abinci, jaririnta na barci a ciki.

Ta juyo da fuskar Hajja ta kafe Sharfaddeen da ido, ta shiga zaginsa, zagin da ba a maimaitawa. Jininsa ya tafasa, don shi ba a zaginsa ya yi shiru. Amma ina bakin ramawa? Fuskar da ke gabansa ita ce ta shayar da shi. Ya haɗiye, ya sunkuyar da kai.

"Ɗa a bakin ɗa," in ji ta. "Ko in tsayar da zuciyar nan ya ji abin da na ji, ko ya hau ƙarfensa in tare shi a hanya."

Goni bai ɗaga murya ba. Ya ce mata ita ta shiga gidan da ba nata ba, ba ta kuwa nuna kanta ba. Yaron bai san tana ciki ba, kuma ba a kashe rai a kan kisan kuskure, ko a wurinsu ko a wurinmu. Tsohuwar kuwa me ta yi mata, ban da maƙwabtaka ta gari da ita da kanta ta shaida? Ta ce wanda ya doke kwaɗo da guduma ba sallama bai yi kuskure ba, ganganci ya yi. Goni ya ce ganganci a kan ƙofa ne, ba a kan rai ba, in kuwa ta ƙi gaskiya zai ci gaba da karatu har ta zama toka. Ya ɗauko daga inda ya tsaya.

Ta yi ƙara, jikin Hajja ya sandare, leɓunanta suka yi fari. Cikin ƙarar ta ce ya ci gaba, amma ya taɓa wuyan tsohuwar ya ji, kafin ita ta gama ƙonewa wannan zuciyar ta riga ta tsaya. Raudatu ta sa hannu a wuyan surukarta, ta ɗago ta dubi Goni da ido cike da hawaye, ta girgiza kai. Goni ya dakatar da karatu. Ya share gumi da gefen rawaninsa, ya ce to, a bar maganar rai, ta faɗi diyyarta.

Ta daɗe tana numfashi da ƙirjin da ba nata ba. Sannan ta ɗaga hannun Hajja ta nuna babur ɗin. Ta ce shi take so, gaba ɗayansa. Saboda shi aka ƙona mata ɗa, to ba za a more shi ba. Mai shi ya goya ta a kai yanzu kafin rana ta faɗi, ya wuce garin Mamudo, ya saki titi ya bi hanyar shanu har wata tsohuwar kuka da ke bakin busasshen tafki. Ya jingine shi a nan da makullinsa, kada ya cire ko noti ɗaya, ya dawo da ƙafa. In ya yi haka ta fita, ita da gidan nan har abada.

Goni ya sa ta rantse da wanda ya halicce ta, ta rantse. Ya juyo ga Sharfaddeen.

"Ka ji. Uwarka ko ƙarfen nan. Amsa mata."

Kalma ɗaya ake jira, kuma Allah ya sani yana son uwarsa. Amma idonsa ya kai kan babur ɗin. Hasken yamma ya kwanta a kan sabon fentin, ga akwatunan da ya auna da hannunsa, ga sarƙar da ya shafa wa mai jiya jiya. Watanni yana wannan wahala, ko ƙofar gida bai fita da shi ba. Shirun ya yi tsawo har Raudatu ta ɗago kai ta dube shi. Da ya buɗe baki kuwa, sai ɗan kasuwar da ke cikinsa ya riga shi magana.

"Allah gafarta malam, in aka samo mata wani babur ɗin fa? Ko a ɗinka mata sabon kushin, mai kyau?"

Wata irin dariya ta fito daga bakin Hajja, doguwa, mai ɗaci, har ta koma tari. Raudatu ta ce inna lillahi, ta rufe fuska da mayafi. Goni dubansa kawai ya yi, kuma wannan duban ya fi mari. Sai a lokacin Sharfaddeen ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya durƙusa ya ce ya yarda, ya yarda, ta ɗauka duka, ta sakar masa uwa.

Hajja ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin Raudatu kamar tsumma. A gefe guda kuma babur ɗin ya yi ƙara, bayansa ya lotsa ƙasa a hankali, yadda yake yi in mutum ya hau.

Sharfaddeen ya ɗora sabon kushin da ya tanada, ya tura babur ɗin waje, ya tayar. Bugu ɗaya ya kama. Wannan shi ne hawansa na farko kuma na ƙarshe, kuma abin takaicin shi ne babur ɗin ya tafi yadda ya yi mafarki, ba gargada ba tari, yana shanye ramuka kamar babu su. A bayansa akwai nauyi, da wani zafi da ke ratsa rigarsa daidai tsakiyar baya. Bai waiwaya ba, bai dubi madubi ba. Ya wuce Mamudo, ya saki titi, ya sami kukar a inda aka ce. Ya kashe inji ya jingine shi, ya bar makullin a jiki. Yana sauka bayan babur ɗin bai taso ba. Ya juya ya kamo hanyar gida da ƙafa, ana kiran magariba a wani ƙauye can nesa.

Daren nan ko tsinke bai faɗo kan rufi ba.

Da safe ya je gaida Hajja, ƙafafunsa duk sun kumbura. Ya tarar da ita zaune a bakin gado, ta sha kunu rabin kofi, idonta ya dawo nata. Daɗi ya kama shi har ya ji ƙwalla. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa a hankali, ta tambaye shi gajiya. Ya fara ba ta labari, yana so ta san ya kai babur ɗin, ya bar shi, ko noti bai cire ba. Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

"Na sani, Sharfu. Bakina aka karɓe, ba kunnena ba. Ina ciki ina jin komai."

Ta sauke hannun, ta ci gaba.

"Da aka ce ka zaɓa, na ji ka kana neman ragi."

Ba ta faɗa da faɗa ba, ba ta kuma sake cewa komai a kai ba, ranar ko bayanta. Ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi. Ya yi wuf ya miƙa mata hannu. Ta dubi hannun, ta kau da kai wajen ƙofa, ta ƙwala wa Raudatu kira ta zo ta kama ta.